Karaban, ƙaramar tirela ko tanti a but: kafin ka ɗauki hanyar arewa daga Kumasi

Ƙanina da ke Hamburg ne ya tayar da maganar nan. Da daddare ya turo min hoto a WhatsApp, wani ɗakin ja fari tas da taga da labule har da ɗan kicin a ciki, irin wanda Jamusawa ke ɗaurawa a bayan mota su tafi hutu, karaban suke ce masa. Wai ya samu na hannu da araha, zai sa shi a jirgi zuwa Tema, tashar jiragen ruwanmu ta Ghana, in ya zo hutun Disamba mu ja shi daga Kumasi har Paga, bakin iyakar Burkina, da Hajiya da matanmu da yara, muna tsayawa a ƙananan garuruwa muna kwana a ciki, yaransa da aka haifa can su ga ƙasa da idonsu. Ya ce "Yaya ya ka gani?" Na ce masa bari in yi sallar asuba tukuna, don amsar ba ta layi biyu ba ce.

Ni dai hanyar arewa na yi ta da iyali ba sau ɗaya ba, kuma ba iri ɗaya ba. Na yi ta da mota zalla muna kwana a gidajen baƙi, na yi ta ina jan wata ƙaramar tirela da na ara wurin wani Alhaji a unguwar Aboabo, sannan akwai wadda na bi wani abokina mai tanti a saman mota. In na ce tirela kada hankalinka ya tafi kan atikuleta mai ɗaukar albasa daga Nijar, ƙaramar nake nufi, mai taya biyu, wadda mota ta gida ke ja. To abu huɗu ne a gabanmu: karaban, ƙaramar tirela, tantin saman mota, da kuma mota kawai da tanti a naɗe a but. Ba nauyinsu ɗaya ba a wurina, kuma ba zan yi kamar ɗaya ba ne.

Karaban shi ne ya fi kyau a hoto, kuma shi na fara sallama. Abin da ƙanina ya manta shi ne ba karaban ɗin kaɗai ke sa hutun Bature ya yi daɗi ba, akwai abin da aka gina masa a ƙasar. A Jamus ko Holan duk inda ka nufa akwai filin da aka ware, ka biya ka shiga, ga wurin jona wuta, ga famfo, ga inda za ka zubar da ƙazantar banɗakin da ke ciki. Mu nan wuraren da za ka kafa sansani da izini ka samu banɗaki ana iya ƙirga su: akwai a gandun dajin Mole, akwai wasu masaukai a bakin tafkin Bosomtwe da wajen magangarar ruwan Wli da bakin teku da ke barin mutum ya kafa tanti a harabarsu. Tsakanin Techiman da Walewale fa? Sai dai gidan mai ko filin makaranta ko ƙofar gidan wani. In babu wuta babu wurin zubar da ruwa, karaban ya koma akwati ne kawai mai gado, kuma akwatin da ya wuni a rana.

Sannan jikinsa. Falankin katako ne marar kauri da soso da gwangwanin alminiyan, an yi shi don titi mai santsi. Cikinsa kusa da ƙasa yake, bayansa kuma ya zarce taya da nisa, faɗinsa ya haura mita 2. Duk wanda ya bi hanyar Kumasi zuwa Tamale ya san babu ƙauyen da ba shi da tudun rage gudu, ramf bayan ramf, wasu hukuma ta yi wasu mutanen gari suka tara ƙasa da kansu bayan mota ta buge wani, kuma waɗannan na biyun ba su da ma'auni, wani kamar kabari. Kowane ɗaya sai gindin karaban ya daki ƙasa. In aka shiga burji mai gargada kuwa, sukurorin kabad ɗin ciki ne za su fara kwancewa ɗaya bayan ɗaya. Tagarsa ta roba ce, in ta fashe ba ka samunta a kasuwar kayan mota ta Abossey Okai a Accra ba ka samunta a Suame Magazine, unguwar kanikawan Kumasi, sai an aiko daga Turai. Ka haɗa da kuɗin jirgi da diyuti a Tema, arahar da aka gani a Hamburg ta tafi. Kuma bayan sati biyun hutu ina za a ajiye shi sauran sati hamsin na shekara? A lungunmu na Asawase aboboya ma, babur ɗin kaya mai taya uku, da dabara take wucewa.

Ƙaramar tirela kam wata magana ce daban, a nan zan daɗe don ita ce mutane suka fi ruɗuwa a kai. Wadda na ara akwatin ƙarfe ce da bai fi mita 2 ba a tsawo, masu walda na Suame Magazine suka ƙera, an sa mata sifirin na bayan fikof, a ciki ana zuba katifu da tukunyar gas da galan-galan na ruwa irin ruwan ɗorawan nan da muke ce wa galan Kufuor, a sama kuma a ɗaure tanti. Alherinta na farko shi ne motar ta zama ta mutane. Wanda ya taɓa tafiyar awa shida da kula a kan cinya da buhun piyawota a ƙarƙashin ƙafa ya san abin da nake faɗa. Na biyu, in kun isa wuri kamar Mole sai ka kwance ta ka bar ta a sansani ka tafi Larabanga ko Damongo da mota sakayau. Na uku, duk abin da ya lalace a jikinta akwai mai gyara a kusan kowane gari, tunda ƙarfe ne da walda da taya.

Amma sai an ƙera ta da hankali. In za ka ba da aiki a Magazine ka tsaya a kai: tayarta ta zama girma ɗaya da ta motarka, ramukan noti ma iri ɗaya, don safaya ɗaya ta yi wa kowa. Ƙwallon da ake maƙalawa na milimita 50 shi ne wanda aka fi samu, kuma ƙarfen da ke riƙe shi a jikin shasi za a ɗaure, ba a bamba ba, na ga wanda aka yi wa walda a bamba wallahi abin tsoro. A sa sarƙa biyu ta ko-ta-kwana. A ja wayar fitilar birki da sigina, a liƙa mata abin ƙyalli a baya. Turawa suna da ƙa'ida cewa tirelar da ba ta da birkin kanta kada ita da kayanta su wuce kilo 750, ni ma a nan nake tsayawa, ƙasa da haka ma ya fi in motar ba babba ba ce. Ruwa kaɗai lita ɗaya kilo ɗaya ne, galan huɗu na lita 25 ka riga ka ɗora kilo 100 ba ka sa katifa ba. Littafin motarka ya faɗi iya nauyin da za ta ja, Prado da Hilux da Pajero ba su da damuwa da irin wannan, amma mai Corolla ko Vitz mai giya otomatik ya yi wa giyabos ɗinsa adalci, zafi ke kashe shi, kuma ja a hawa cikin rana shi ne ke kawo zafin.

Lodi ma ilimi ne. Kaya masu nauyi a kan aksil, a ɗan matso da su gaba kaɗan, yadda bakin tirelar zai danne ƙwallon da kamar kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinta. In ka tara nauyi a baya, da ka kai wani gudu za ta fara kaɗa wutsiya hagu da dama tana jan bayan motar, ya fi faruwa a gangara ko lokacin da babbar bas ta wuce ka da iska. In ta fara kada ka danna birki da ƙarfi, kada ka yi kokawa da sitiyari, ɗaga ƙafa daga totur ka riƙe hannu miƙe har ta lafa. Ni ban wuce 80 da ita, ko da doka ta ba da 90 a babban titi, cikin gari kuma 50 ne dama.

Abin da ya same mu da ita shi ne boris. Mun wuce Kintampo da ɗan nisa na tsaya yara su yi fitsari, na taɓa cibiyar tayar dama sai na janye hannu kamar na taɓa tukunya. Giris ya ƙone, saura kaɗan ya kama. Alhajin da na ara a wurinsa ta fi shekara a ajiye ba wanda ya duba, ni ma ban duba ba, laifina ne. Muka lallaɓa zuwa ƙauye na gaba, wani bakanike ya kwance ya duba ya ce "Masta, irin wannan sai Tamale," sai da aka ba direban trotro, wato bas ɗin haya, saƙo ya kawo da yamma, wuni guda ya tafi a ƙarƙashin bishiyar kaɗanya uwargida tana kallona ba ta ce komai ba, wanda ya fi a ce ta yi magana. Tun daga nan duk tsayawa sai na zagaya na taɓa cibiyoyin nan biyu, kuma boris biyu da gwangwanin giris ba sa barin mota.

Sai ribas. In kana so bayan tirela ya tafi hagu sitiyari dama za ka fara juyawa, kuma gajeriyar tirela ta fi doguwa saurin naɗewa. Ka je filin ƙwallo ranar da ba kowa ka koya, kada ka bari sai ka shige tsakiyar Techiman ranar kasuwa, pragya, keken fasinja mai taya uku, ta gaba aboboya ta baya, masu doya suna maka ihu. Takardu kuma, dokar hanya ta 2004 ta haɗa tirela cikin abin da ake yi wa rajista, don haka ka bi ta DVLA, hukumar rajistar motoci, ta samu lambarta, ka kuma gaya wa masu inshora cewa za ka yi ja. Shingen ’yan sanda yana da yawa a hanyar arewa, kuma mota mai jan abu dole ta ja ido, in takardunka sun cika gaisuwa ce kawai da tambayar me ke ciki.

Mai fa? Daga Kumasi zuwa Tamale kusan kilomita 380 ne, Tamale zuwa Bolga kusan 160, Paga kuma wajen 40 a gaba. Je ka dawo, ka haɗa da ratsewa Mole da ’yan zagaye, ka lissafa 1,400. A ce motarka tana shan lita 12 a kilomita 100, lita 168 ke nan. In ja ya kai ta 15, ka koma 210. Wannan lita arba'in da ɗoriyar ka buga ta da farashin yau ka gani kwana nawa za ta biya maka a gidan baƙi, kafin ma a zo kuɗin ƙera tirelar. Karaban da yake tsaye kamar bango yana tare iska ya fi haka sha nesa ba kusa ba.

Tantin saman mota shi samari suka fi so yanzu, kuma na gane dalili. Ka tsaya, ka kwance madauri, ka ja tsani ya buɗe kamar littafi, katifa na ciki, minti kaɗan ka kwanta. Kana sama, ba ruwanka da kunama ko maciji ko tururuwa, iska tana ratsa ragar ta kowane gefe, a daren arewa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba ka jan komai, ribas ɗinka normal, pantun, jirgin da ke ƙetarar da motoci ruwa, ba zai caje ka kuɗin ƙarin tsawo ba. Mu biyu da abokina mun ji daɗinsa ƙwarai.

Mu biyu na ce fa. Yawancinsu manya biyu ne da yaro ɗaya in an matsa. Nauyinsa yana kaiwa kilo 50 zuwa 70, kuma rufin motoci da yawa abin da aka yarda su ɗauka a guje bai wuce kilo 75 zuwa 100 ba har da kariyar, wato ƙarfen da ake ɗaura kaya a rufi, sai an sa kariya ta gaske, ba irin ta ado ba. Nauyi a sama yana sa mota ta riƙa kwanciya a kwana. Abin da ya fi ba ni haushi kuma, in ka buɗe ka shimfiɗa sai aka ce a je a sayo burodi, dole ka naɗe komai. Sannan ka yi tunanin Hajiya mai ciwon gwiwa tana saukowa tsani da ƙarfe huɗu na asuba da buta a hannu. Ko yaro ɗan shekara uku ya farka cikin dare yana neman mamansa a bakin ƙofar da ke mita 2 daga ƙasa. Ga matafiya biyu masu ƙarfi a jika ya yi, ga gida guda bai yi ba.

Na huɗun shi ne wanda ba ya burge kowa a hoto: mota kawai, tanti na ƙasa a naɗe a but, gidan sauro, tabarma, ’yar tukunyar gas mai kilo 6, yawancin dare a gidan baƙi. Kusan duk garin da yake hedikwatar gunduma yana da gidan baƙi, Nkoranza, Kintampo, Buipe, Damongo, Walewale, Salaga, ba za ka rasa ɗaki da fanka ba. Ba duka ke da kyau ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Akwai wanda muka sauka a wani gari famfo ba ruwa, zanin gado kamar an yi kokawa a kai, kuma bayan ginin mashaya ce kiɗa har ƙarfe biyu. Darasin da na ɗauka shi ne ka isa gari kafin la'asar ta yi sanyi, ka shiga ka ga ɗakin da idonka, ka buɗe famfo, ka leƙa bayan gida, in bai yi ba akwai lokacin neman wani. Kuma ka riƙe zanin gadonka.

Amma ga abin da Bature mai karaban ba shi da shi mu muna da shi: zango. Da wuya ka shiga gari a ƙasar nan, komai ƙanƙantarsa, ka rasa unguwar da za ka yi sallama da Hausa a amsa maka. Ka yi sallar la'asar a masallacinsu, ka gaisa da liman, ka ce kai baƙo ne daga Kumasi da iyali, a kai ka wurin Sarkin Zango. Sau da yawa kafin ka gama bayani an tambaye ka ɗan wane gida ne a Aboabo, an samo wanda ya san babanka. Matan a shigar da su cikin gida inda akwai makewayi da ruwan wanka, ku maza ku kafa tanti a tsakar gida ko ku kwana a zaure. In ƙasar Dagomba ce ko Gonja kuma kana so ka kafa a fili, ba ka kafawa sai an kai ka ka gai da sarki, da goronka a hannu, haka al'adar take. To ka zo da karaban ka faka a bakin gari ka rufe ƙofa ka kunna gas kana dafa indomi, me yaran Hamburg suka gani? Labule suka gani.

Maganar banɗaki kada a raina ta, ita ce ke yanke hukunci in da mata a tafiyar. Mu maza mukan zauna mu yi ta lissafin taya da sola da batir, uwargida tambaya ɗaya ta yi min: a ina za mu yi wanka? Tirela da tantin sama duk ba su amsa wannan ba sai ka ƙara ɗan tantin wanka da bokiti. Kicin kuwa da ake ta yabon karaban da shi, a hanyar da ake sayar da koko da ƙosai tun asuba, wake da shinkafa da hantsi, soyayyar doya a Kintampo, kifi a Buipe da Yapei, wagashi, wato cuku, da fura wurin matan Fulani, tuwo da gasasshen zabo a Tamale da Bolga, me za ka dafa? Ruwan shayi da abincin jariri, shi ke nan. Abu ɗaya dai, gawayi ko janareta kada su kwana kusa da inda aka rufe ana barci, ko tanti ko karaban, hayaƙin da ba ya wari shi ke kisa.

Hanyar da za ka bi ita ma tana zaɓar maka. Ta tsakiya, Techiman, Kintampo, gadar Buipe, gadar Yapei, Tamale, ita ce ta fi sauƙi ga mai ja, gidajen mai da masu faci ba sa yankewa, sai dai manyan motocin Burkina da Mali da Nijar a kanta suke, wuce su da tirela a baya yana son dogon fili da haƙuri. Kafin Yapei, a mahaɗar Fufulso, ake ratsewa yamma zuwa Damongo da Larabanga, titin nan na Fufulso zuwa Sawla mai kilomita 147 da aka gama a 2015 shi ya sauƙaƙa zuwa Mole, da can wahala ce zalla. Masallacin Larabanga ginin ƙasa ne, mutanen garin suna kai tarihinsa 1421. Mole kuwa ya haura murabba'in kilomita 4,500, kuma nan ne wuri ɗaya da tanti ya fi ɗaki daɗi a ganina, da rani giwaye suna saukowa shan ruwa kana kallo daga tudu, ana fita zagaye da ƙafa safe da yamma tare da ma'aikaci mai bindiga. Ka dai kulle abinci a mota, gwaggon biri na wurin ya iya buɗe kula.

Wadda ni na fi so ita ce tsohuwar hanyar fatake: Mampong, Ejura, Atebubu, Yeji, a hau pantun a ƙetare tafkin Volta zuwa Makango, sai Salaga. Duk ɗan zango ya kamata ya taka Salaga ko sau ɗaya, nan ce kasuwar goron Gwanja da ayarin Kano da Katsina ke yi wa tafiyar watanni, kuma yaƙin basasar 1892 da ya watsa ta yana cikin abin da ya cika zangunan Kete Krachi da Yeji da Kumasi da mutane. Rijiyoyin suna nan, wurin kasuwar bayi ma yana nan, ba duka tarihin ke da daɗin ji ba amma namu ne. To wannan hanyar ba ta son ja. Hawan dutsen Mampong da kwanoninsa gwaji ne ga lagireto, pantun kuma yana da lokacinsa, a yi layi da motocin doya, a hau ta gangaren bakin ruwa, wani lokaci a ce ka shiga da baya. Ka tuna abin da na ce kan ribas, ka ƙara da ruwa a gefe da mutum ɗari suna kallo.

Mutanen Ankara, tamu wato Accra ba ta Turkiyya ba, ’yan Nima da Mamobi da Madina, suna da zaɓin bin gabas ba sai sun yi kilomita 250 zuwa Kumasi ba: gadar Adomi, Hohoe, Jasikan, Nkwanta, Bimbilla, Yendi. Ita ta fi kyan gani, duwatsu da ruwan Wli da dajin Kyabobo, amma shekara da shekaru ana aikinta gutsure-gutsure, wani wuri kwalta sabuwa wani wuri ƙura da rami, ka tambayi direbobin tasha halin da take ciki a satin da za ka tashi. Ta yamma, Wenchi, Bamboi, Bole, Sawla, Wa, garuruwan sun fi nisa da juna, in abu ya karye jira ne. Ɓangaren Bawku kuma a bar shi tukuna saboda rikicin da ake fama da shi, ba wurin kai yara yawon buɗe ido ba ne yanzu. Kowace ka bi, magariba ta same ka a gari. Tafiyar dare a hanyoyin nan ba ta da riba, ga motocin da suka lalace ba fitila ga ’yan fashi a wasu wuraren.

Lokaci kuma, Disamba da Janairu da ƙanina ya zaɓa sun yi daidai, hunturu ne, hanya a bushe, sauro ya ragu, dare da sanyi har sai an nemi bargo a tanti, sai dai ƙura da tsagewar leɓe, a riƙe man kaɗe. Maris da Afrilu zafi yana haura digiri 40 a arewa, a lokacin ɗaki mai fanka ya fi kowane tanti, karaban kuwa tanda ne. Agusta da Satumba ruwa ne, ga sakin madatsar Bagre daga Burkina da ke cika Farar Volta, burji ya zama taɓo, tirela ta zama abin da ake turawa.

Ga yadda na yanke masa. In ku biyu ne ko uku kuma da ƙarfinku, kuna da mota mai tsayi, tantin sama. In kun kai shida ko bakwai a mota ɗaya, tafiyar ta wuce kwana goma, kuma kun san za ku sake yi kowace shekara, a ƙera ƙaramar tirela a Magazine, a gwada ta zuwa Bosomtwe a kwana ɗaya a dawo kafin a doshi arewa da ita. In kuwa tafiya ɗaya ce ta sati biyu, da tsohuwa da yara ƙanana, kamar tamu, mota biyu ba ja, tanti biyu a but don Mole da duk inda aka ba mu tsakar gida, sauran dare gidan baƙi. Kuɗin da zai ba jirgi da kwastan ya sa wa motocin sabbin taya, ya zo mana da tanti mai raga mai kyau da fitilun sola da ’yar firjin mota a akwatinsa, waɗannan kam na can sun fi.

Ya yi shiru kwana biyu, sannan ya kira. Ya ce "Yaya, ai na riga na ba mai karaban ɗin kafin alƙalami." Na ce nawa, ya faɗa, na ce bai kai kuɗin tagar roba ɗaya da jirginta ba, ka bar masa. Yanzu gardamar da ta rage tsakaninmu ita ce Hajiya ta ce ita ba ta hawa pantun ko da me, shi kuma ya dage sai yaransa sun ga Salaga, da alama za mu shiga Salagar ta Tamale ne mu dawo ta Tamalen.